Agwagin Inna Uwani

Bagama, Suleja
12 ga Afrilu

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata, Yaya Zuwaira,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidan da 'yata Tayyiba. Yaya Funtuwa, yaya zafi? Mu nan an yi mana yayyafi sau biyu, ƙasa ta fara ƙamshi.

Kada ki yi min dariya don kin ga takarda. Na san akwai waya. Amma wayata kullum tana hannun ƙanin naki Khamis, maigidana, in tasa ta mutu, kuma abin da ke raina ya fi ƙarfin saƙon murya. Ghali direban motar Funtuwa ya ce zai riƙa miƙa miki.

Yaya, ranar Talatar da ta wuce ba zan manta da ita ba. Ina sallame sallar asuba na ji ɗan siririn kuka daga akurki, na fita ko takalmi ban sa ba. Sati biyar agwagwata Kilishi ta yi tana kwanci. Ta fige gashin ƙirjinta ta yi wa ƙwan shimfiɗa, in na matso ta yi min huci kamar kububuwa. Ni kuwa na gama tsara yadda ranar za ta kasance: zan ɗaga fiffikenta in ga 'yan toka a jere kamar an barbaɗa musu azurfa, in ɗauki hoto in turo miki, in yi kukan daɗi. Na ɗaga fiffiken. Rawaya, Yaya. Dukkansu rawaya, da baƙin tabo a tsakar ka. Irin agwagin da ake kasawa a bakin kasuwa an ɗaure musu ƙafa da tsumma.

Kin san matsayin agwagin nan a wurina. Ranar da aka raba kayan kakarmu Inna Uwani, kika ɗauki keken ɗinki, kika ce a bar ni da agwagi tunda ni ce mai hira da su. Kowa ya yi dariya. Amma ni ce na zauna da ita a asibiti, ni ta riƙe wa hannu ta ce uwarta ce ta kawo su unguwar Chaza a cikin kwando, kuma ita duk yawonta ba ta taɓa ganin masu wannan launi a gidan kowa ba, launin hayaƙin icce da safe, da farin ƙirji. Ta ce kada in bari iri ya ƙare a hannuna. Guda huɗu ciwo ya bar mata, su na taho da su gidan aure: toron nan Galadima, da Kilishi, da Gimbiya, da 'Yar Auta. Saboda su muka kama haya a nan ƙarshen unguwa, inda akwai fili a bayan gida da ɗan kududdufi.

Ba ni kaɗai nake ganin kyansu ba. Oga Segun, mutumin da Maigida yake tuƙawa a Abuja, mai wurin shaƙatawar nan da tafki a ciki, ranar da ya biyo yi mana barka da aure, a bayan gida ya tsaya har lemon da na zuba masa ya huce. Ya ce in faɗi abin da nake so ya kwashe su. Na ce masa kayan gado ne, ba na sayarwa ba ne. Ya yi dariya, Maigida ma ya taya shi.

To yaya aka yi toka ta auri toka aka haifi rawaya? A hannun Inna hakan bai taɓa faruwa ba.

Na yi tunani har kaina ya yi ciwo, sai na ɗaga ido na ga amsar a kan katanga. Maƙwabciyarmu, wata mata Chidinma mai kiwon tarwaɗa, tana da agwagi masu yawa, kuma toronta fari ne mai baƙin tabo a ka. Tabon nan sak. Yakan tashi ya hau katangar da ta raba mu yana kaɗa wutsiya yana leƙen gidana kamar mai neman aure. Galadima ya tsufa, ba zai iya korarsa ba.

Kuma matar nan, Yaya, akwai abin da ban gane ba game da ita. Kwanan nan duk ta gan ni sai ta yi wani murmushi, ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "Amariya, yaya jiki?" Me ya sami jikina? Na karanta littattafai da yawa, na san irin wannan murmushin. Ba a yin sa a banza.

Maigida dai ya yi ta ba ni haƙuri. Ya ce ƙwai ne fa, za su sake yin wasu. Washegari ya dawo min da sababbin littattafai har uku, ya ce in karanta in manta. Allah ya ba ni miji, Yaya. Ba shi da yawan magana irin na cikin littafi, amma ya san abin da ke sanyaya min rai.

Ki gaishe da maigidan, ki sumbaci Tayyiba. Ki sa mu a addu'a.

Taki ƙanwa,
Mansura

Bagama, Suleja
27 ga Yuni

Yayata ta kaina,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar girma, da fatan damina ta same ku lafiya. Saƙonki ya iso, da kuka da daddawar da kika ba Ghali. Allah ya saka da alheri, ya raya Tayyiba.

An sake, Yaya.

Bari in faɗa miki abin da na yi don kada ki ce sakaci ne. Na sa an kewaye akurkin da raga, har sama, ko tsuntsu ba zai shiga ba. Maigida da kansa ya buga ƙusoshin ranar hutunsa, ya sa ƙofa da kwaɗo. Na daina sakinsu kududdufi, na yanka tsohuwar taya na riƙa cika musu da ruwa. Rawayan nan na Kilishi na raba wa 'yan unguwa don ba na son ganinsu. Gimbiya ba ta ga wani toro ba sai Galadima, wannan zan iya rantsewa.

Sannan na tuna dabarar Inna. Kin tuna yadda take kwaɓa lalle a murfin gwangwani, ta sa tsinke ta ɗiga wa kowane ƙwai ɗigo uku a gindi, don ta gane nata in agwagi sun yi ƙwai a gurbin juna? Haka na yi. Kowace safiya in Gimbiya ta tashi, in ɗauki sabon ƙwan da ɗuminsa in ɗiga masa. Garin lallen ma a kan katangar akurkin na bar shi.

Shekaranjiya suka fashe. Rawaya da baƙin tabo. Na zauna a ƙasa cikin taɓo na yi kuka har Galadima ya zo yana ja min bakin zani.

Da na natsu na tattara ɓawon ƙwan na duba. Ɗigon yana nan, uku-uku. Amma ba nawa ba ne. Nawa ƙanana ne kamar ƙwayar gero, waɗannan kuwa manya ne kamar an dangwala da yatsa. Ba toro ne yake haurowa ba, Yaya. Mutum ne. Wani yana kwashe ƙwan Inna yana zuba min wasu, har yana kwaikwayon alamata.

Wa ke da ƙwan agwagwa mai baƙin tabo? Wa ke da bencin da in ta hau take ganin bayan gidana? Wa ya tsaya yana kallona ranar da nake ɗiga lallen, har da cewa mu Hausawa ko ƙwai sai mun yi masa kwalliya? Na daina gaishe ta. Ranar Lahadi ta aiko min da farfesun tarwaɗa, wai yana da kyau ga mace irina, na mayar mata da kwanonta a rufe yadda ya zo. A wani littafi da na karanta, da irin wannan kwanon aka gama da yarinya.

Na gaya wa Maigida zan kai ƙararta wurin mai unguwa. Ban taɓa ganin ya tashi tsaye da sauri haka ba. Ya ce kul, mu baƙi ne a layin nan, ba ni da shaida, kada in ja mana faɗan ƙabila a kan ƙwai. Gaskiyarsa ce, na haƙura. Shi ma abin yana cinsa, na gani. Ya rage cin abinci, in wayarsa ta yi ƙara sai ya fita waje. Aikin ma ya yi masa yawa, har farcensa na manuniya ya yi ja, ya ce tsatsar jak ce ranar da taya ta fashe musu a hanyar Zuba.

Yanzu in zo kan tambayarki. Kin ce wa ke da makullin kwaɗon ban da ni. Yaya, ban ji daɗin tambayar nan ba. Na san ba ki taɓa sakin jiki da shi ba, tun ranar da kika ce baƙon da ba a san gidan ubansa ba sai a hoto. Makulli biyu ne, ɗaya a wuyana, ɗaya a cikin makullan motarsa. Amma kwaɗon kasuwa ne, kowane makulli yana iya buɗe shi. Mutumin da ya fasa yatsa wurin buga min raga, shi zai yi min haka? Kwanaki ma ya sake kawo min littattafai, ban ko roƙa ba.

Abin da ya fi tayar min da hankali Galadima ne. Ya fara ɗingishi, jan fuskarsa ya koɗe, in ya yi huci sai ka ji kamar tsoho yana hawan tudu. Ina jiƙa masa dusa da ruwan ɗumi, ina tono masa gara. In ya tafi ban samu toro daga jininsa ba, shi ke nan, matan uku za su tsufa su mutu a gabana.

Ki yafe min in na yi miki kaushi. Ina gaida kowa da kowa.

Ƙanwarki,
Mansura

Bagama, Suleja
19 ga Agusta

Yaya Zuwaira,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, ya jikin Tayyiba da zazzaɓin da kika ce? Allah ya ƙara sauƙi. Ni jikina lafiya. Sauran kuma ga shi nan.

Galadima ya mutu ranar wata Juma'a, sati biyu ke nan. Da safe na same shi a bakin tayar ruwa ya sa kai a ƙarƙashin fiffike. Na haƙa rami a gindin gwanda na rufe shi. Ina gamawa, da ƙasar a hannuna, na zari hijabi na yi gidan Chidinma. A raina na riga na gama cewa ita ta jefo masa wani abu ta raga.

Na same ta tana wanke tankin kifi. Na faɗa mata maganganun da ban san na iya su ba. Na ce ta dawo min da ƙwan kakata. Ta saki tiyon ruwa yana zuba, ta tsaya tana kallona. A Suleja aka haife ta, Hausarta ta fi ta wasu Hausawan, sai dai harshen. Ta ce, "Amariya, tsaya. Ke ba ciki ne da ke ba?"

Na ce wane irin ciki?

Ta ce to ƙwan da mijina yake saya a wurinta fa? Sau biyu yana zuwa da sassafe ya sayi ƙwan agwagwa cike da leda, ya ce sababbi yake so, na gurbin da toro ke bi, wai matarsa ce take kwaɗayinsu, amma kada ta yi min maganar don ina da kunya. Ita kuwa ta ɗauka abin arziki ne ya samu. Murmushin ke nan, Yaya. Farfesun ke nan. Da na mayar mata da kwano ma cewa ta yi laulayi ne, ita ma da cikin fari ko warin kifi ba ta so.

Ban san lokacin da na zauna a kan bokitinta ba. Ta kawo min ruwa. Matar da na yi wata biyu ina ɗauke kai in na gan ta, ita ta riƙa shafa min baya tana cewa in yi numfashi.

Duk da haka ban yarda ba. Na ce wataƙila ita ma ta iya tsara labari. Da yamma na kawo wa Maigida tuwo, na zauna ina kallon hannunsa yana ci. Jan nan na farcensa yana nan, amma ya hau sama, a ƙasansa sabon farce ya fito fari tas. Yaya, ke mace ce. Tsatsa tana bin farce ta hau? Abu ɗaya ne yake yin haka, kuma tun muna yara muke kallonsa a hannunmu bayan salla.

Na shiga ɗaki na dubi littattafan da ya kawo min. Zuwa biyu. Na tuna lokacin kowanne. Na farko bayan na Kilishi sun fashe, na biyu kwana kaɗan da Gimbiya ta fara kwanci. Ina kwance ina karanta yadda ake cin amanar wata a Kaduna, ina jin tausayinta.

Kin yi gaskiya, ban ce komai ba sai wannan.

Ban tambaye shi ba. Na buɗe baki ya fi sau nawa, sai in ga zai ce ƙwai ne fa, za su sake yin wasu. Kuma ba ni da lokacin rigima, don akwai abin da ya fi ta gaggawa. 'Yar Auta ta fara ƙwai kwana biyu kafin Galadima ya mutu. Inna takan ce in toro ya mutu, ƙwan da mace za ta yi cikin mako guda ko fiye kaɗan yana nan da jininsa, bayan nan sai holoƙo. Ƙwan nan su ne na ƙarshe a duniya, Yaya. In suka bi hanyar Abuja, an gama.

Washegari na koma wurin Chidinma, na durƙusa na ba ta haƙuri. Ta ce in tashi kada in sa ta kuka, ta ce ita ma da hannunta a ciki tunda ita ta sayar. Muka shirya. Kullum in Maigida ya fita, in ɗauke ƙwan 'Yar Auta na gaskiya in sa a hijabi in kai mata, ta ajiye a ƙwarya cikin ɓuntun shinkafa. Ita kuma ta ba ni nata, in ɗiga masa lalle da tsinke in sa a gurbin. Da suka kai takwas muka zuba su ƙarƙashin wata farar agwagwarta da ta fara kwanci, uwa ce mai haƙuri, ta karɓe su ba gardama.

A raina ina ta roƙon Allah ya sa kada Maigida ya zo akurkin. Na ce ya ga kukan da na yi a gindin gwanda, ya san babu wani toro, ba zai iya ba.

Ranar Laraba ya je wurin Chidinma ya sayi ƙwai. Ta sayar masa, ta ce har da tambayarsa ya mai jiki. Ranar Alhamis bayan ya dawo masallaci na yi kamar na koma barci. Ta tagar ɗaki na gan shi. Ya buɗe kwaɗon a hankali, ya tsuguna, ya tofa yawu a garin lallen ya dangwala da yatsa. Ya jera na cikin gurbin a kwali cikin tsumma kamar mai ɗaukar jariri. Ƙwan Chidinma ya kwashe, ya zuba ƙwan Chidinma. Da a littafi ne da na yi dariya. Kafin ya fita ya tsaya a gindin gwanda ya ɗan jima, ban san me yake faɗa ba.

Da daddare ya dawo da littattafai. Suna nan a ledarsu.

Kada ki gaya wa Baba tukuna. Ki gaishe min da maigidan.

Taki,
Mansura

Bagama, Suleja
18 ga Satumba

Yayata, Yaya Zuwaira,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa da fatan alheri gare ki da iyalinki. Na ji daɗi da jin Tayyiba ta warware har ta koma makaranta. Wasiƙarki ta zo, na karanta ta sau da yawa.

Jiya da hantsi Chidinma ta hau bencinta ta leƙo ta katanga, ta yafito ni da hannu. Na je. Ta ɗaga fiffiken farar agwagwar da kanta.

Toka, Yaya. Guda shida, biyu sun zama baragurbi. Launin hayaƙi, da ɗan fari-fari a ƙirji, suna ta tura kai cikin gashin uwar da ba tasu ba. Ɗaya yana da manyan ƙafafu da faɗin baki, Chidinma ta rantse toro ne, har ta sa masa suna Ƙaramin Galadima. Na ɗauke shi na kai hancina. Warin ɗakin Inna na Chaza na ji.

Amma ban samu na yi murnar yadda na tsara ba, ga dalili.

Ranar Asabar ina shanya a bayan ɗaki, Maigida yana wanke mota a waje, hannunsa da kumfa sai ya sa wayar a bayyane. Oga Segun ne. Daga maganarsu na haɗa labarin duka. Tun ranar barka da aure Maigida ya ce masa kada ya damu, agwagin gidansa ne, mace ba ta da ta cewa, zai kawo masa iri. Ogan ya sayi injin ƙyanƙyasa. Zubi na farko aka ɗauke wuta suka mutu a ɓawo. Na biyu ma haka, ko ɗaya bai fita ba. 'Ya'yan Kilishi da na Gimbiya ke nan, Yaya, a kwandon shara suka ƙare. Yanzu ya haɗa wa injin sola, ya ce an haska ƙwan an ga suna motsi. Ya ce in suka fito zai ba shi takardar zama cikakken ma'aikaci, ya daina zaman direban haya. In kuma wasa yake masa da hankali, ya ajiye makullin mota. Maigida yana ta cewa yes sa, yes sa, da wata murya da ban san shi da ita ba, ƙarama.

Nasu ya biyo bayan namu da kwana biyu ko uku. Gobe ko jibi za a buɗe injin nan a gaban Ogan, a ga rawaya da baƙin tabo.

Ban ɓoye miki ba, da farko daɗi na ji. Na ce ya ɗanɗana abin da na ɗanɗana ranar da na ɗaga fiffiken Kilishi. A littafi haka ake yi: ta yi shiru, ya tozarta a gaban jama'a, ya dawo yana kuka a ƙafarta, a rufe babi. Na kwana biyu ina tsara fuskar da zan yi. Sai na tuna waccan ƙaramar muryar, na ga ba zan iya ba. Ba shi da kowa a garin nan. Ya yi shekaru yana buɗe wa mutumin nan ƙofar mota. Na san tsoro ne ya kai shi akurkina, ba mugunta ba. Amma farcensa yanzu layi biyu ne ja, ɗaya sama ɗaya ƙasa, da wannan hannun yake shafa min kai yana cewa in yi haƙuri Allah zai tona asirin mai yi.

Na karanta shawararki. Kin ce in ba shi biyu daga ciki ya kai, a rufa asiri, aure ya fi agwagwa, kuma aiki a Abuja ba a tsintarsa a hanya. Na san don kina sona kika faɗa. Na auna ta sosai. Amma shida ne kacal, ko gashi ba su yi ba, ban san nawa za su tsallake damina ba, ban ma tabbata akwai toro fiye da ɗaya ba. Mutanen da suka kashe zubi biyu ba zan miƙa musu na uku ba. Kuma in na ba shi a ɓoye ya kai, na koya masa cewa hanyar da ya bi ta ɓulle. Ko sau ɗaya bai zauna ya ce min, Mansura, ga halin da nake ciki ba. Da ya faɗa, wallahi ban san me zan ce ba, amma da mun nemi mafita tare.

In aikin ya tafi, ya tafi. Yana da hannu, yana da lasisi, tashar mota tana nan. Filin bayan gida ma na shuka masara da kuɓewa, ba za mu kwana da yunwa ba. Abin da ban sani ba shi ne ko zai iya kallon idona bayan ya san na gan shi ta taga. Wannan sai abin da Allah ya yi.

Ki gaishe da maigidan da Tayyiba. Ki yi min addu'a da asuba, don lokacin ne.

Gobe in ya dawo masallaci, kafin ya ɗauki makullin mota, zan ajiye murfin lallen a gabansa in gaya masa ƙwan wa ya kai Abuja, don ya je ya faɗa wa Ogansa da bakinsa kafin inji ya faɗa. 'Yan tokan kuma suna gidan Chidinma har su yi fiffike. Ko ɗaya ba zan bayar ba.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Mansura